Mutumin da Inna Ta Gani a Majigi

Sai da jirgin ƙasa ya tashi daga Zungeru, na ga tasha tana ja da baya, sannan na tambayi kaina ina na dosa. Abin da na riƙe duka bai wuce sunan gari ɗaya ba, Ankara ta ƙasar Gana, sai maganar tsohuwata da yanar ido ta fara rufe wa gani. Na zauna a kan ƙullin kayana kusa da ƙofa ina zagin kaina a zuci. A ce mutum da hankalinsa ya bar dawarsa a gona ba a yanke ba, ya tafi neman wanda aka gani a jikin farin ƙyalle.

Wanda nake nema wana ne, Yaya Ilu, ɗan farin Inna. Ya bar Kakangi da sunan cin rani tun ban yi aure ba, ya yi kudu, daga nan ko ɗuriyarsa ba mu sake ji ba. Inna ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take yi irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta ba shi tuwo, ni take miƙa wa, ta ce, "Kai wa wancan." In ya shigo gida ta juya masa baya, ta kama wani aiki.

To, wata rana na kai ta Birnin Gwari karɓar maganin ido, muka sauka gidan ƙanwarta. Aka yi dace motar majigi ta zo garin. Bayan magariba aka kafa ƙyalle a fili, yara da manya suka cika wurin, ni ma na ja Inna muka je don ta rage zaman shiru. Aka nuna fim na wanke hannu, aka nuna na rigakafin shanu, mai sharhi yana ta zuba barkwanci a lasifika. Sai aka sa wani na yadda ake loda koko a jiragen ruwa. Mai sharhi ya ce nan Ankara ce, a bakin teku. 'Yan dako suna wucewa da buhuna a ka, ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin hamma na ji Inna ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya a gaban duk jama'ar nan ta ce, "Ilu!"

Kafin in waiga ƙyallen mutumin ya wuce. Mutane suka yi dariya, wasu suka ce tsohuwar da ba ta ganin ƙofar ɗakinta ina za ta gane fuska a majigi. Ita kuwa ta ce ba fuska ta gani ba, tafiya ta gani. Tun da Yaya Ilu ya faɗo daga ɗorawa wajen ɗaura amya a cikin daji, yake tafiya a karkace, kafaɗar hagu a ƙasa, yana wurga ƙafar dama waje. Ni ban ga komai ba, amma na ji abin da kunnena bai taɓa ji ba. Da muka koma gida ta ce mini, "Bawa, kana ganin idon nan. Ka je ka zo mini da shi kafin ya rufe." Abin da ya sa ni cikin jirgi ke nan.

A Ikko na fara sanin cewa ni baƙauye ne. Na sauka a unguwar Hausawa, kuma duk wanda ya yi mini sallama sai in zazzage masa labarina kaf, har da ɗorawa da kafaɗa. Wani mutum mai babbar riga fes, yana ƙamshin turare, ya zauna ya saurare ni sosai. Washegari ya dawo ya ce ai ya san Ilu, wani mai tafiya a karkace ko? Na kusa rungume shi. Ban tuna ni na gaya masa jiya ba. Ya ce fim ɗin nan na koko ana nuna shi a wani gidan silima, in zo in gani da idona. A bakin ƙofa ya ce ba a shiga da kaya, in kawo ya riƙe mini. Na ba shi ƙullina, da bargona a ciki da rigar da zan sa ranar da zan ga wana.

Abin da na tarar a ciki Turawa ne a kan dawaki da manyan huluna, suna ta harbin juna. Jama'a suna ihu, suna buga benci, suna gaya wa jarumin ya waiga bayansa. Ni kuwa ina ta leƙen bayan dawakin ko zan ga mai buhu a ka. Na lura da abu ɗaya a irin wannan fim: mutum biyu ko uku ne mutane, sauran duk an kawo su ne don su faɗi. Wanda aka harbe ba a sake komawa ta kansa, ba a nuna wa ya wanke shi, ba a nuna uwarsa. Da na fito, babu mai babbar riga, babu ƙulli. Na tsaya a bakin titi ina jin kunya fiye da haushi, don ko kaza ba a kama ta da sauƙi haka.

Daga Ikko na bi motocin kaya ta Kwatano da Lome. A ƙasar da Faransa take mulka, sojan kan iyaka ya yi ta yi mini tambaya da harshensu, ni kuma ina ba shi amsa da Hausa, har ya gaji ya kore ni da hannu. A hanyar Lome zazzaɓi ya kama ni, ga babu bargo. Wata mata mai tallan kifi da muke mota ɗaya, ba ma jin maganar juna ko kalma ɗaya, ta kwance zanen da ta yafa ta rufa mini, ta ɓare mini lemo tana sa mini a hannu ɓari-ɓari. Inda za ta sauka na miƙa mata zanenta, ta ture hannuna ta yi tafiyarta. Da zanen nan na riƙa rufa har na bar ƙasar.

Ankara, wadda yanzu take ƙasar Gana, ta ba ni tsoro. Na zaci gari ne kamar Zariya, inda in ka faɗi sunan mutum da na garinsu wani zai nuna maka lungunsu. A zangon Hausawa na tarar da Ilu ya fi a ƙirga: Ilu mahauci, Ilu mai gadi, Ilu Bazabarme. Babu wanda ya san na Kakangi. Mai masaukina ya ce 'yan dako ba sa zama, yau suna nan, gobe suna Kumasi ko wajen haƙar zinariya. Na shiga dako ni ma don in ci abinci. A lokacin manyan jirage ba sa matsowa gaɓa, sai a ɗauko buhunan koko daga sito a ka, a kai su cikin kwale-kwale, igiyar ruwa tana dukan mutum har ƙirji. Kullum ina cikin layin nan, idona a ƙasa, ina duban ƙafafun masu tafiya. Har mafarkin ƙafafu na riƙa yi. In na kwanta kuma sai in riƙa lissafin yadda yanar idon Inna take ƙaruwa.

Dako ne ya haɗa ni da Malam Sa'idu. Bazabarme ne dattijo, yana jin Hausa, shi ke juya na'urar fim a wani ɗakin taro da ke bayan wani kantin littattafai. Na ɗauko masa akwatunan ƙarfe daga tasha, a hanya na tambaye shi mene ne a ciki, ya ce finafinai ne. Na kusa sakin kayan. Da muka isa na ba shi labarina, wannan karon a taƙaice, don Ikko ta koya mini. Ya ce in ina so in riƙa zuwa ina jera kujeru ina share ɗaki, in zauna kusa da shi in yi kallo kyauta, wataƙila na kokon ya biyo ta hannunsa.

Wurin ba kamar silimar Ikko ba ne. Mutane kaɗan ne, malaman makaranta na ƙasar, da wasu Turawa, da Kwarori, Larabawa masu kantuna, biyu-uku. Babu ihu, babu mai sharhi. Finafinan daga ƙasashe daban-daban ake aiko su, kuma ko Turawan da ke wurin ba duka suke jin harshen ba, sai su karanta rubutu a ƙasan hoton. Ni da ba na karanta boko, ido kawai na zuba.

Na farkon da na gani na ƙasar Italiya ne, kuma ya ba ni haushi ƙwarai. Wata mata ce take wanki a bakin famfo, tana jiran wani. Ta wanke, ta matse, ta shanya. Mota ta tsaya, mutane suka sauka, babu shi. Ta koma ta ci gaba da wanki. Ina ta jira a zo wurin da za a ce ga mai hankali ga wawa, kamar yadda ake yi a majigin garinmu, sai kawai na ga haske ya kawo, mutane suna tashi. Na ce wa Malam Sa'idu an manta da sauran a tasha, in koma in ɗauko? Ya yi dariya har da tari, ya ce iyakarsa ke nan. Na ce to mutumin ya dawo ko bai dawo ba? Ya ce shi ma bai sani ba. Na tafi ina ƙunƙuni, na ce wannan ai cuta ce, a tara mutane a hana su ƙarshen labari. Amma washegari ina cikin ruwa da buhu a ka, matar nan nake ta tunani, da yadda take ɗaga kai duk sanda ta ji ƙarar mota.

A hankali na daina jin haushinsu. Na gane masu yin irin waɗannan finafinai ba sa gaggawa. Sai su tsayar da hoton a kan tsoho yana ɗaure takalmi, ko a kan hannun mai yanka burodi, har ka gaji, har ka wuce gajiya ka fara gani. Babu wanda aka kawo don ya faɗi kawai. Wani fim daga ƙasar Japan ya sa ni hawaye a ɓoye. Tsohuwa ce zaune a tabarma tana ɗinki, ɗanta ya dawo daga wata doguwar tafiya, ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Malam Sa'idu ya raɗa mini cewa wasu a ɗakin suna cewa matar ba ta da tausayi. Ni kuwa allurar nake kallo, ta soka ta a wuri ɗaya ta kasa zarewa. Na ce a raina ashe har a can akwai masu ɗan fari.

Wata rana muna naɗe fim na sake tambayarsa na kokon. Ya sa na kwatanta masa shi dalla-dalla, da siton, da Baturen da ke tsaye da farar hula. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Bawa, na san shi. Amma wannan ai tsohon fim ne. Tun ban fara aikin nan ba aka ɗauke shi."

Na ce yaya za a yi, bayan kwanan nan muka gan shi?

"Kwanan nan ya iso garinku. Fim ba taga ba ne da za ka leƙa ka ga abin da ake yi yanzu. Sai ya shekara da shekaru yana yawo a mota kafin ya kai ƙauye."

Na zauna a kan akwati. Duk Kakangi, har da liman, babu wanda ya kawo wannan a ransa. Mun ɗauka abin da majigi ya nuna yau, jiya aka yi shi. Ashe mutumin da Inna ta kira zai yiwu ya daɗe da barin garin, zai yiwu ma ya daɗe a ƙasa. A kwanakin nan abinci ba ya shiga cikina. Na rasa wanda ya fi, in koma hannu Rabbana, ko in zauna har idonta ya rufe babu ni babu shi.

Ana nan sai wani Bafaranshe ya kawo nasa fim. Irin masu yawo su kaɗai ne da 'yar ƙaramar na'ura da ake murɗawa da hannu, babu kamfani a bayansa. Ya ɗauki 'yan dakon bakin teku, bai ma sa sauti ba tukuna, yana so mutanen ɗakin su gani su ba shi shawara. Malam Sa'idu ya ce mu gwada shi da rana kafin taro. Muka rufe tagogi da buhuna, ya kunna. Ga siton, ga layin, ga ma wasu da na sani. Ina ta bin ƙafafu kamar yadda na saba, babu mai wurga ta dama.

Sai hoton ya bar masu tafiya, ya gangara gindin katanga, ya tsaya a kan hannuwan wani mutum da ke zaune. Ba a nuna fuskarsa ba, malafa ta rufe ta. Gammo yake naɗawa da tsummokaran buhu, irin wanda 'yan dako ke saye su ɗora a ka. Da a silimar Ikko ne, da ƙiftawar ido an wuce shi. Wannan kuwa ya tsaya, ya daɗe. Mutumin bahago ne. Ya murɗa tsumman ta hagu, ya zagaya, da ya zo ƙarshe bai ɗaure ba, sai ya lanƙwasa bakin ya cusa shi ciki da babban yatsa, ya buga gammon a gwiwa. Haka Inna take naɗa gammo in za mu daji itace, kuma duk Kakangi daga ita sai wanda ya koya a hannunta. Hoton ya ɗan ja baya, na ga ƙafar wandonsa ta dama a naɗe, an soke ta da tsinke a daidai gwiwa.

Ban tsaya sallama da Malam Sa'idu ba. Gindin katangar nan na wuce shi ba adadi da buhu a kaina. Mai tafiya nake nema, shi ya sa ban taɓa duban na zaune ba.

Yana nan a wurin, sandarsa a jingine. Na tsuguna a gabansa na ce, "Yaya." Bai ɗaga malafar ba, hannunsa dai ya tsaya. Can ya ce ya gan ni tun makon da na iso, ya gane ni, kullum in zan wuce sai ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, na ce ina nan ina shan ruwan gishiri saboda shi yana kallona. Ya bar ni na gama. Sannan ya gaya mini igiyar ruwa ce ta maka kwale-kwale a kan ƙafarsa, aka yanke ta a asibiti.

"Na fita da ƙafa biyu in kawo mata abin duniya," ya ce. "In koma mata da ɗaya, ta ci da ni? Ka je ka ce ba ka gan ni ba."

Na yi masa magiya, na gaya masa zancen idonta, na haɗa shi da Allah. Ya ce in idon ya rufe ma ya fi, ba za ta gan shi haka ba. Ya ɗauki wani tsumma ya ci gaba da murɗawa. Sai na ba shi labarin majigin, don dai ya san abin da ya taso ni. Na ce ta miƙe a gaban duk Birnin Gwari ta kira sunansa.

Ya ɗaga malafar a karo na farko. Ya tsufa fiye da shekarunsa.

"Sunana? Inna?"

Na ce ƙwarai, da kunnena na ji.

"Da bakinta ta ce Ilu?"

Na ce har mutane suka yi mata dariya. Gammon ya warware a hannunsa bai kula ba. Ya ce in sake faɗa masa yadda aka yi tun daga farko, kada in tsallake komai. Na faɗa. Da na gama ya miƙa hannu ya jawo sandarsa.

Dawowarmu ta fi zuwana wuya, don hawa mota da sauka duk sai na goya shi, kuma duk tashar da muka tsaya sai in riƙa tunanin ko mun makara. Malam Sa'idu ya raka mu tasha da ƙullin gari da sukari. Daga Zungeru muka sami motar Birnin Gwari, daga can wani Bafulatani da ya san mahaifinmu ya ba mu aron jaki muka ratsa daji. Yaya Ilu bai yi magana ba sai da muka wuce ɗorawar da ta kayar da shi, ya ce ashe ba a sare ta ba.

Da hantsi muka shiga gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Idon ya yi fari, sai dai takan ga inuwar mutum in yana cikin rana. Ta gane sallamata, ta amsa. Sai ta karkata kunne, don a bayana akwai taku ɗaya da ƙarar sanda, taku ɗaya da ƙarar sanda. Ba tafiyar da ta sani ba ce. Ta ce, "Bawa, kai da wa?"

Yaya Ilu ya tsaya a tsakar gida cikin rana, ya kasa durƙusawa, ya ce, "Inna, ina kwana."

Ta daɗe tana duban inuwar, daga sama har inda ta ƙare. Gyaɗar da ke cinyarta ta zube ƙasa. Na ga leɓenta ya motsa, na zaci za ta sake faɗa. Sai ta ja mayafinta, ta juya masa baya, ta fara tsintar gyaɗar, tana tsinta tana zubarwa.

"Bawa," ta ce, "akwai ɗumame a tukunya. Ɗauko ka kai wa wancan, ka shimfiɗa masa tabarma a inuwa."